Me ya kai ƙwallo ajin ƙididdiga? Fashin baƙi kan koyar da ilimin alƙaluma da wasanni

Yayana ne ya jefo mini wannan tambaya, ransa a ɓace, ranar da ɗansa da ke ajin farko a jami'a ya dawo hutu da wani aiki da malaminsu ya ba su. An ce su tattaro sakamakon wasannin gasar Firimiya ta Ingila na kaka guda, su fitar da matsakaicin ƙwallayen da ake ci a kowane wasa, su kuma duba sau nawa aka tashi babu ci. "Kuɗin karatu na biya," in ji shi, "ko na koyon caca? Yaron da nake fama da shi ya rage zuwa gidan kallo, yanzu malami da kansa ya ɗaure masa gindi."

Na fahimci damuwarsa, kuma ba shi kaɗai ba ne. Iyaye da dama da malamai da dama suna kallon abin a matsayin zubar da girman aji. Wasu kuma sun ɗauke shi maganin kowace cuta, wai da zarar an ambaci Arsenal ɗalibi zai gane lissafi. Duka ɓangarorin biyu sun sha gefe. Shin ƙwallo na iya koyar da ƙididdiga da gaske, me take koyarwa, kuma ina ƙarfinta ya tsaya?

Mece ce ƙididdiga, kuma me ya sa take kayar da ɗalibai?

Da yawa sun ɗauka ƙididdiga reshen lissafi ce kawai: a tara, a raba, a zana jadawali. Akwai wannan a ciki, amma ba shi ne zuciyar ilimin ba. Lissafi yana hulɗa da abin da ya tabbata, biyu da biyu huɗu ne ko a Kano ko a Maradi. Ƙididdiga kuwa aikinta yanke hukunci a inda babu tabbas. Ka ɗanɗana cokali ɗaya ka ce miyar ta ji gishiri, ka yi ƙididdiga ke nan, kuma hukuncinka zai inganta ne kawai idan an juya tukunyar kafin ka ɗiba. Mai sayen hatsi a Dawanau da ke soka ƙarfe a buhu ya zaro 'yan ƙwayoyi, daga sama da tsakiya da ƙasa, ya san ilimin ɗaukar samfur ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Kusan duk wanda ya shiga jami'a sai ya haɗu da wannan darasi: mai karanta aikin gona, likitanci, tattalin arziki, aikin jarida, ilimin koyarwa. Mafi yawansu kuma ba da son ransu suke shiga ajin ba. Malami ya cika allo da haruffan Girkanci, misalansa kuma kullum ƙwallaye ja da baƙi ne a cikin jaka, ko tsawon wasu mutane hamsin da ba wanda ya san su. Ɗalibi ya haddace ƙa'ida, ya juye ta a takardar jarrabawa, bayan mako biyu ta bi ruwa.

Ɗan yayan nawa ya faɗi gwajin farko na wannan darasi. Amma yaron nan, in ka zauna da shi a majalisa, zai lissafo maka ƙwallayen da Osimhen ya ci kaka bayan kaka, ya gaya maka maki nawa ƙungiyarsa ke buƙata a wasanni biyar da suka rage, da abin da zai faru in aka yi kunnen doki a maki. Ba ƙwaƙwalwa ce babu ba. Alƙaluman aji ne ba su da wata alaƙa da abin da ya dame shi.

Daga ina dabarar ta fito?

Tushenta Amurka ne, kuma ba daga ƙwallon ƙafa ta faro ba. Daga besbol ta faro, wasan nan da ake jefo ƙaramar ƙwallo mutum ya doke ta da kulki. Amurkawa sun fi shekara ɗari da hamsin suna rubuta duk abin da ya faru a wannan wasa, har akwai rumbun bayanai na kyauta a intanet da ya faro daga 1871. A 1977 wani mai gadin dare a kamfanin sarrafa abinci a jihar Kansas, Bill James, ya fara buga nazarinsa a kan waɗannan alƙaluma da kuɗin aljihunsa, yana gwada maganganun da masana wasan suka gada kaka da kakanni. Da yawa ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Abin ya fito fili a 2002. Ƙungiyar Oakland Athletics, wadda albashin 'yan wasanta bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na New York Yankees ba, ta yi amfani da irin wannan nazari wajen zaɓo 'yan wasan da kasuwa ta raina. Ta ci wasa 103 a kakar, daidai da Yankees, har da 20 a jere.

A ɓangaren makaranta ma ana ta sauyi. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta amince da wasu shawarwarin koyarwa a 2005, ta sabunta su a 2016. Ƙashin bayansu shi ne a koyar da tunani fiye da haddar ƙa'ida, a kuma yi aiki da alƙaluma na gaske masu tushe da manufa. Farfesa Jim Albert na jami'ar Bowling Green a jihar Ohio ya gina darasin ajin farko kacokan a kan besbol, ya kuma wallafa littafi a kan hanyar a 2003. Ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa ma suka bi irin sahun Oakland. Liverpool ta yi shekaru da wani mai digirin digirgir a fiziks, Ian Graham, yana jagorantar sashen bincikenta. Brentford da Midtjylland ta Denmark, waɗanda Matthew Benham ya mallaka a lokaci guda, sun yi suna da sayen 'yan wasa bisa alƙaluma. Ta wannan hanya, daga Midtjylland zuwa Brentford, ɗan Najeriya Frank Onyeka ya bi zuwa Firimiya a 2021.

Darasi na farko: sau nawa aka gwada?

Amfanin wasa a aji, a ganina, ba nishaɗi ba ne. Amfaninsa shi ne ɗalibi yana shigowa da ra'ayinsa a hannu, ra'ayin da zai iya rantsuwa a kai. Ba wanda zai yi gardama a kan ƙwallaye ja da baƙi a jaka. Amma ka ce wa ɗan Manchester United gwaninsa ba gwani ba ne, ka ga yadda zai tashi neman hujja. Wanda ke neman hujja kuwa ya riga ya shiga darasin.

Ɗauki fenariti. A manyan gasanni ana cin kusan uku cikin huɗu. To a ce ga ɗan wasa wanda haƙiƙanin ƙwarewarsa ke nan, kashi 75 cikin ɗari. In ya buga biyar, yiwuwar ya ci dukansu ba ta kai ɗaya cikin huɗu ba. Yiwuwar ya ɓarar da biyu ko fiye kuwa ta haura ɗaya cikin uku. Wato mutum ɗaya, ƙafa ɗaya, a wannan kakar a kira shi gwani, a wata kakar a ce a sayar da shi, alhali ba abin da ya canza sai dace. Da na zana wa yaron wannan a bayan wata takarda, ya yi shiru, sannan ya ce, "Baffa, ke nan wanda ya ci huɗu cikin biyar ba lallai ya fi wanda ya ci 38 cikin 50 ba?" Wannan tambaya ita ce rabin abin da ake so ya koya a zangon gaba ɗaya, kuma da bakinsa ya yi ta.

Aikin da malaminsu ya ba su ma ba na banza ba ne. Ƙwallayen da ake ci a wasa suna bin wani tsari da aka sa wa sunan Bafaranshen nan Poisson, wanda ya bayyana shi a 1837. A 1898 wani masani ya nuna cewa tsarin ya dace da adadin sojojin Purushiya, wata tsohuwar daula a Jamus, da harbin doki ke kashewa a shekara. In matsakaicin ƙwallaye 2.7 ne a wasa, tsarin zai ce maka kusan kashi 7 cikin ɗari na wasanni za a tashi babu ci, wato wajen wasa 25 cikin 380 na kaka guda. Ɗalibi ya je ya ƙirga da kansa, ya ga yadda hasashen ya kusanci gaskiya. Da wannan tsari ake lissafin haihuwa nawa za a iya samu a dare ɗaya a asibiti, domin a san ungozoma nawa za a ajiye.

Gardamar xG: "mun fi su wasa" da "mu muka ci"

Tun da BBC ta fara nuna xG, wato ƙwallayen da ake sa ran ci, a shirinta na sharhin Firimiya a kakar 2017/18, waɗannan haruffa biyu suka shiga bakin 'yan kallo, kuma kaɗan ne suka san me suke nufi. Abin ba wuya. Ana duba dubban hare-haren da aka taɓa kaiwa daga wuri irin wannan, da kai ko da ƙafa, a yanayi irin wannan, a ga kashi nawa suka shiga raga. In ɗaya cikin goma ne ke shiga, harin ya sami 0.1. A tara na wasan duka, shi ne xG ɗin ƙungiya.

Kuskuren mutane shi ne ɗaukarsa alƙawari. Ƙungiyar da ta kai hari goma, kowanne 0.1, tana da xG ɗaya cur, amma yiwuwar ta tashi ba ta ci ko ɗaya ba ta kai kusan kashi 35 cikin ɗari. Matsakaici yana magana ne a kan wasanni da yawa, ba a kan daren yau ba.

Masu kallo sun ga wannan da idonsu. A wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2012, Bayern Munich ta yi bugun kusurwa 20 a gidanta, Chelsea ta su Mikel Obi ta buga ɗaya tak, kuma da wannan ɗayar Drogba ya farke, suka ɗauke kofin a bugun fenariti. A watan Nuwamba na shekarar, Celtic, da Efe Ambrose ɗan Kaduna a bayanta, ta doke Barcelona 2-1 alhali Barcelona ta riƙe ƙwallo fiye da kashi 70 na wasan. Ranar da Jamus ta yi wa Brazil 7-1 a 2014, Brazil ce ta fi yawan kai hari. Malami mai hikima zai ajiye waɗannan a gaban aji ya tambaya: me wannan alƙalami yake aunawa, me kuma ya bari? Hari 18 na wanda aka riga aka yi wa biyar kafin hutun rabin lokaci ba ɗaya ba ne da harin da ake kaiwa ana canjaras.

Kuskuren Charles Reep, da tambayar "cikin nawa?"

Labarin da na fi so a kawo wa ɗalibai shi ne na wani jami'in sojan saman Birtaniya, Charles Reep. A 1950, yana kallon wasan Swindon Town, ya zaro littafi da fensir ya fara rubuta duk wata miƙa ƙwallo. Ya ci gaba da haka shekaru da dama, wasanni dubbai, da hannunsa. A 1968 shi da wani masanin ƙididdiga, Bernard Benjamin, suka wallafa sakamakon. Abin da ya fi jan hankali a ciki shi ne kusan kashi 80 na ƙwallaye suna zuwa ne daga harin da bai wuce miƙa uku ba.

Reep ya yanke cewa yawan miƙe-miƙe ɓata lokaci ne, a dinga dogon bugu zuwa gaba kawai. Wannan tunani ya yi tasiri a ƙwallon Ingila da ta Norway shekaru masu yawa.

Ga inda gizo ke saƙar. A cikin alƙalumansa shi kansa, fiye da kashi 90 na duk hare-haren da ake ƙullawa gajeru ne, ba sa wuce miƙa ukun. In gajeru su ne kashi 90 na hare-hare amma kashi 80 kawai na ƙwallaye suka samar, to dogayen ne suka fi albarka, hari da hari. Mutumin ya tara alƙaluma na gaskiya, da haƙuri da amana, amma bai raba su da abin da ya kamata ba.

Wannan kuskure yana tare da mu kullum. A ce mafi yawan haɗurran hanya a gari na 'yan adaidaita sahu ne. To, cikin ababen hawa nawa, cikin tafiya nawa? A ce jiha kaza ta fi yawan masu wata cuta. Mutum nawa ne a jihar, kuma nawa aka gwada? Ɗalibin da ya fahimci Reep zai riƙa yin wannan tambaya ba tare da an tuna masa ba.

Yadda mutum zai fi ka sau biyu amma ka fi shi a jimla

Ga wani misali na gaske daga besbol, wanda malamai ke yawan kawowa. Ana auna mai duka da yawan dukan da ya yi nasara cikin damar da ya samu. A 1995 David Justice ya yi 104 cikin 411, wato kashi 25.3, Derek Jeter kuma 12 cikin 48, kashi 25 daidai. A 1996 Justice ya yi 45 cikin 140, kashi 32.1, Jeter 183 cikin 582, kashi 31.4. Kowace shekara Justice ne a gaba. Haɗa shekarun biyu: Jeter 195 cikin 630, kashi 31, Justice 149 cikin 551, kashi 27. Jeter ya yi masa nisa.

Ba sihiri ba ne. Mafi yawan damar Jeter ta faɗo a shekararsa mai kyau, mafi yawan ta Justice a shekararsa mara kyau. Ana kiran wannan da sunan Edward Simpson, wanda ya yi rubutu a kai a 1951. Amfaninsa a rayuwa babba ne. Babban asibitin koyarwa zai iya fin ƙaramin asibitin unguwa yawan mace-mace a jimla, alhali ya fi shi ceton masu ƙaramin ciwo, ya kuma fi shi ceton masu babban ciwo, don kawai duk wanda jikinsa ya yi tsanani can ake tura shi. Wanda bai san wannan ba zai iya hana matarsa mai naƙuda zuwa inda ya fi dacewa da ita saboda wata lamba da ya ji a rediyo.

Sabon koci, da bulalar da ake cewa ta yi aiki

Ƙungiya ta sha kashi biyar a jere, a kori koci, sabo ya zo, sai ga nasara. Kowa ya ce canjin ya yi amfani. Wataƙila. Amma yaushe ake korar koci? Lokacin da abubuwa suka kai maƙura a lalacewa, kuma maƙura irin wannan yawanci haɗin rauni ne da rashin dace. Rashin dace ba ya ɗorewa. Ko da tsohon kocin ya zauna, da alama sakamakon zai ɗan gyaru. Francis Galton ya bayyana wannan komawa zuwa matsakaici a 1886, yana nazarin tsawon iyaye da 'ya'yansu. Leicester City da ta ɗauki Firimiya da maki 81 a 2016 ta ƙare ta 12 a kakar da ta biyo.

Ina so iyaye su tsaya a nan. Yaro ya kawo mafi munin sakamakonsa, a zane shi, zango na gaba ya ɗan gyaru, a ce bulala ce. Ya kawo mafi kyau, a yaba masa, na gaba ya ɗan sauko, a ce yabo ya lalata shi. Haka mara lafiya ke sayen maganin mai lasifika a kasuwa ranar da zazzaɓi ya kai ƙololuwa, washegari ya ji sauƙi, ya zama mai tallan maganin kyauta. Ba a gane ko abu ya yi aiki sai an kwatanta da waɗanda ba a yi musu ba.

Wani lokaci duniya da kanta ke shirya kwatancin. Kowa ya san mai gida ya fi cin wasa. Kano Pillars ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar Najeriya, sai a 2015 Nasarawa United ta karya tarihin. Amma mene ne sanadin, ihun 'yan kallo, wahalar tafiya, sabo da fili, ko matsin da alƙalin wasa ke ji? Da korona ta zo, gasar Jamus ta dawo a watan Mayu na 2020 babu 'yan kallo, sauran gasanni suka bi. Tafiya tana nan, fili yana nan, taro ne kawai babu. Masu bincike suka ga fifikon mai gida ya ragu, bambancin katin da ake ba baƙi da 'yan gida ma ya ragu. Babu littafin aji da zai ba ɗalibi misalin rarrabe sanadi da ya fi wannan.

Abin da masu adawa ke cewa

Maganar yayana ta caca ba abin wasa ba ce. Shagunan cacar ƙwallo da manhajojinsu sun cinye aljihun samari da yawa, har Hisbah a Kano ta sha rufe irin waɗannan wurare. Addini ya haramta caca, kuma gaskiya ne cewa wani ɓangare na wannan ilimi a hannun kamfanonin caca ya bunƙasa. Malamin da ya koyar da hasashen sakamako ya yi shiru a kan caca bai sauke nauyi ba. Ni a ganina kamata ya yi ya buɗe wa ɗalibai cikin lissafin su gani.

A ce abu biyu ne masu yiwuwa daidai wa daida, kamfani ya ce zai biya ninki 1.90 a kowanne. Ka sa naira 1,000 sau ɗari, ka kashe 100,000. Ka ci rabi, a biya ka 95,000. Dubu biyar ta tafi ba tare da ka yi wani rashin sa'a ba. Yanzu haɗa wasa goma irin wannan a tikiti ɗaya, yadda samari suka fi so. Yiwuwar duka goman su zo ɗaya ce cikin 1,024, amma abin da za a biya ka ninki 613 ne. Wato cikin kowace naira ɗari da aka zuba a irin wannan tikiti, kusan arba'in ta zama ta kamfani tun kafin a busa usur. Saurayin da ke kukan wasa ɗaya ne ya yanke masa tikiti bai san haka aka ƙera abin ba. Ban ce lissafi zai raba wanda caca ta riga ta kama da ita ba, wannan ciwo ne mai buƙatar fiye da allo. Amma wanda bai fara ba, ganin wannan da alƙalaminsa ya fi masa tsawa goma.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi a wurina. Ba kowa ke kallon ƙwallo ba. A ajin da ke da ɗalibai mata da yawa waɗanda ba su taso da zuwa gidan kallo ba, da maza da ba ruwansu da ita, malamin da ya cika darasi da sunayen 'yan wasa ya sauya wariya ne da wata wariyar. Waɗanda suka san wasan za su mamaye aji da surutu, sauran su koma baya su yi shiru. A jami'o'in Amurka da ke yin wannan, sau da yawa ajin wasanni zaɓi ne, akwai wani aji na darasin ga wanda ba ya so. Inda babu halin raba aji, dole malami ya gauraya: yau fenariti, gobe farashin tumatir a kasuwa, jibi nauyin jarirai. Kuma kada a ɗauka mata ba su da rabo a wasan kansa. Super Falcons, 'yan ƙwallon ƙafa mata na Najeriya, sun ɗauki kofin Afirka na goma a 2025, D'Tigress, takwarorinsu na ƙwallon kwando, kuma na biyar a jere a shekarar.

Ta uku daga masana kansu take fitowa. Alƙaluman wasa sun cika tsabta. An ƙirga kowace ƙwallo, ba wadda ta ɓata, ba wanda ya ƙi amsa tambaya. Rayuwa ba haka take ba. Mai binciken lafiya a karkara yana fama da gidan da ba a bar shi ya shiga ba, da uwar da ba ta san ranar haihuwar ɗanta ba, da ƙasa kamar Najeriya da rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006. Yadda ake zaɓo samfur na adalci, yadda ake tsara tambaya, yadda ake shirya gwajin taki ko na magani, waɗannan ƙwallo ba za ta koyar da su da kyau ba. Darasin da ya fara da ƙwallo ya ƙare a ƙwallo ya bar ɗalibi a rabin hanya.

Zai yiwu a nan, da ajin mutum ɗari biyar da rashin wuta?

Zai yiwu, in ba a kwafo tsarin Amurka yadda yake ba. Besbol ba ta da ma'ana a Zariya ko Damagaram. Sakamakon gasannin Turai kuwa yana nan kyauta, ana iya sauke shi a waya, manhajar R da masana ke aiki da ita ma kyauta ce. Kuma yawancin misalan da na kawo a sama ana iya yin su da biro da takarda.

Alƙaluman gasar cikin gida ba su da yawa, amma wannan gibi kansa aikin ɗalibai ne. Reep da fensir ya fara. A tura su filin unguwa, ko gidan dambe, ko su bi kokawar gargajiya ta Nijar da ake neman takobi duk shekara, su rubuta abin da suka gani. A nan za su haɗu da ƙazantar alƙaluma da masana ke cewa babu a wasa: mutum biyu sun kalli hari ɗaya, ɗaya ya rubuta hari ne, ɗayan ya ce miƙawa ce ta kauce. Sai sun zauna sun yarda da ma'anar kalma kafin su ƙirga, kamar yadda masu ƙirga marasa aikin yi sai sun fara yanke wa ake kira mara aiki.

Ɗan yayan nawa ya ci darasin a zango na biyu. Ba zan jingina haka ga ƙwallo ba, domin yaro ɗaya ne, kuma wanda ya faɗi gwaji ƙasa ƙwarai ana sa ran ya ɗan tashi ko ba a yi masa komai ba. Abin da na gani da idona daban ne. Mahaifinsa yana da shagon kayan masarufi, ya ce tun da ya sauya wurin ajiye lemon kwalba ciniki ya ƙaru. Yaron ya ce, "Baba, yaushe ka sauya?" Ya ce farkon watan Maris. "To ai lokacin zafi ya shigo. Bari mu duba na Maris ɗin bara." Suka ɗauko tsohon littafin shago suka zauna a kan tabarma bayan isha'i, uban na karanto lambobi, ɗan na rubutawa. Yanzu kuma yana bin gasar unguwanni da wani littafi mai bango ja, yana son ya gano ko ƙungiyar da ta fara ci ce ke yawan yin nasara. Ya rubuta wasa 31. Ya ce sai sun kai ɗari zai gaya mini abin da ya samu.